Asirin Aljihu A Hannun Baƙo

A zamanin da, idan ma'aikaci ya karɓi albashinsa, ba wanda ya san abin da ke cikin littafinsa na ajiya sai shi da akawun banki. Yau kuwa al'amari ya sauya. Tun daga shekarar 2012, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya soma shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, musamman kuma bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, jama'a sun rungumi kamfanonin biyan kuɗi ta wayar hannu. Babu shakka sun kawo sauƙi, domin ɗalibi yakan biya kuɗin makaranta daga ɗakin kwanansa, ma'aikaci kuma ya aika wa iyayensa kuɗin cefane ba tare da ya je tasha neman direba ba.

Amma fa wannan sauƙi ba a banza ake samunsa ba. Kafin a buɗe wa mutum asusu sai ya miƙa lambar BVN ko ta katin ɗan ƙasa. Ita BVN, wadda aka soma bayarwa a 2014, tana haɗe da hoton mai ita da zanen yatsunsa da ranar haihuwarsa da lambar wayarsa. Daga nan kamfani zai riƙa ganin kuɗin da suka shigo, da inda aka kashe su, da wanda aka aika wa. Duk wanda ya san wannan kuwa ya san asirin gidan mutum fiye da maƙwabcinsa.

An riga an ga ɓarnar da hakan ke jawowa. Wasu kamfanonin ba da rance ta waya sun riƙa kwashe sunayen da ke cikin wayar mai cin bashi, in ya yi jinkirin biya su aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙon ɓatanci. Abin ya kai har hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshinsu a Legas a 2022. Kazalika, ko da yake BVN kaɗai ba ta isa a cire kuɗi ba, ɗan damfarar da ya sami bayananta yakan buga waya ya ambaci sunan mutum da ranar haihuwarsa, har mutumin ya sakankance cewa ma'aikacin banki ne, ya ba shi lambar sirri.

A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta ba kowa ikon sanin abin da aka ajiye game da shi da neman a goge shi, ta kuma tilasta wa kamfani ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan bayanai suka zurare. Doka ce mai kyau, amma ba za ta yi amfani ba sai an fassara ta da harsunan ƙasa, an kuma hukunta mai laifi a bainar jama'a.

Kafin nan, wajibi ne kowa ya tsare kansa. Babu bankin da zai nemi lambar sirrin kati, ko lambobi 3 na bayansa, ko lambar da aka turo ta saƙo. Ya kamata ma'aikaci ya ware asusun albashi daban, ya riƙa zuba kaɗan a na waya gwargwadon bukata, ya kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin Babban Banki. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.