Rijiyar iska: abin da ƙasa ke iya yi wa zafin bazara

Duk wanda ya taɓa sauka cikin rijiya don yasa a tsakiyar watan Afrilu ya san cewa zafin rana ba ya ratsa ƙasa da nisa. Daga zurfin mita biyu zuwa uku, ɗumin ƙasa ba ya sauyawa sosai, rani da damina, kuma yana bin matsakaicin zafin wurin a tsawon shekara. Wannan sanin na masu haƙar rijiya shi ne Turawa suka mayar sana'a.

A Faransa da Suwis, awon nan yana tsakanin digiri 10 da 15. Saboda haka sukan haƙa rami mai zurfin mita 100 ko fiye, su zura tiyo mai ɗauke da ruwa, su haɗa shi da wani inji mai aiki irin na firji. Da hunturu injin ya jawo ɗumin ƙasa ya kai ɗaki, da bazara ya kwashi zafin ɗaki ya mayar ƙasa. Kilowat ɗaya na lantarki yakan ba da uku ko huɗu na ɗumi. Tun 1912 wani injiniya mai suna Heinrich Zoelly ya yi rajistar dabarar a Suwis, a yau kuwa dubun dubatar gidaje a Suwidin da ita suke jin ɗumi.

To, amma wanda zai kawo labarin nan Maraɗi ko Tawa sai ya sake lissafi. Matsakaicin zafin Yamai a shekara ya kai digiri 29, wato ƙasar da ke ƙarƙashin gida tana wajen 30 ke nan. Duk dillalin da ya yi alkawarin sanyin Turai daga irin wannan ƙasa, romon baka ne. Injin rami mai zurfi ma, ban da tsadarsa, yana da wani cikas: zai yi ta zuba wa ƙasa zafi wata da watanni, babu dogon hunturun da zai janye shi, har ita ma ta ƙoshi, aikin injin ya ragu.

Ƙanwar dabarar, wadda Faransawa ke kira rijiyar Kanada, ita ce ta fi dacewa. Tiyo ne mai faɗin santimita 20, tsawon mita 30 zuwa 40, a binne shi zurfin mita biyu, baki ɗaya a waje, ɗaya a ɗaki, ƙaramar fanka na jan iska. Iskar azahar mai digiri 43 tana iya fitowa da talatin da ƴan kai. Ba sanyin kilima ba ne, gaskiya, amma ragin digiri goma ba wasa ba ne ga jariri, ko ga tsohon da hawan jini ya kama. Daren hunturu a Damagaram kuwa, tiyon nan dai shi zai ɗumama iskar.

Fankar ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na wutar da kilima ke sha, faranti ɗaya na hasken rana ya ishe ta. Waɗanda suka ga yadda birane suka kwana cikin duhu bayan Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023, ba ta maido ba sai Maris na 2024, sun san darajar wannan.

Sai dai aikin na son kula. Dole a ɗan karkata tiyon don raɓar da ke taruwa ciki da damina ta samu mafita, in ba haka ba ɗaki ya cika da warin ruma. A sa raga a bakin waje saboda sauro da ɓera, da matacin ƙura da za a riƙa wankewa. Rufin kwano tsirara, wanda babu shamaki a ƙarƙashinsa, yakan cinye ribar duka kafin la'asar. Haƙan kuma ya fi sauƙi tun fili na fili, ranar da magini ya zo aza harsashi, kafin a zuba siminti a tsakar gida.