Wai Kallon Birni Gantali Ne?

Kashegarin ƙaramar Sallar da ta wuce na ɗauki ƙanena da ƙanwata, da wani ɗan ƙanwar mahaifiyarmu da ya zo mana Sallah daga Kebbe, muka shiga motar haya a tashar Tambuwal za mu Sakkwato. Ba mu yi nisa ba sai wani dattijo da ke kusa da ni ya dubi yaran da tausayi, ya ce, "Samari, wa ab ba lahiya cikinsu?" Na ce, "Baba, duk lafiyarsu lau, birni kawai zan kai su su gani." Sai ya kama haɓa, ya ce, "Kallon birni? Cikin wagga tsada? Wanga ai gantali na." Mota ta ɗauka da dariya. Ni kuwa ladabi ya hana ni mayar masa da magana, don haka na haɗiye ta na kawo ta nan, inda na san in na yi kuskure akwai masu gyara mini.

Jama'a, ku dubi tambayar farko ta dattijon nan, domin cikinta cutar take. A ganinsa, kuma a ganin yawancin mutanenmu, abu huɗu ke kai talakan Tambuwal ko na Kebbe birni: jinya, shari'a, kasuwa, ko ci-rani. Wato ba ya ganin Sakkwato sai yana cikin wahala. Ya san ƙofar asibiti, ya san bencin kotu, ya san inda ake kwana a tasha, amma ka tambaye shi abin da ke cikin Gidan Tarihi na Waziri Junaidu sai ya yi zuru. Alhali kuwa tsakanin Tambuwal da Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce kawai, a kan kwalta, mutum ya tafi da safe ya dawo kafin magariba.

To, ga abin da gantalin namu ya haifar. Tun a hanya, da muka iso Shagari, na nuna musu garin da ya haifi mutumin da ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. A ƙasar Boɗinga na gaya musu nan Sifawa take, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Da muka sauka muka hau keke napep zuwa Hubbare, inda aka binne Shehu a 1817. Muka taka zuwa ƙofar fadar Sarkin Musulmi, suka ga dogarai da dawakai da ba su taɓa ganin irinsu ba. Da yamma na bi da su ta filin wasa na Giginya, na ba su labarin ranar 15 ga Maris 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya tari sojan Turawa a bayan gari. Ƙanena yana aji biyu na ƙaramar sakandare, an sha rubuta masa waɗannan sunaye a allo yana haddacewa don jarrabawa, amma sai ran nan ya juyo ya ce da ni, "Yaya, ashe da gaske akwai wuraren nan?" Wanda ya ji wannan tambaya daga bakin yaro ya kuma ce gantali muka yi, to ni da shi sai dai Allah ya isa.

Na san hujjojin masu suka, kuma ba zan ɓoye su ba. Ta farko ita ce tsada. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota kuwa ya bi ta a guje. Magidancin da ke neman na tiyar gero ba ni da bakin ce masa ya je kallo. Amma ina tambaya: me ya sa ba a tuna tsada sai in talaka zai shiga motar haya? Mai hali ya zuba 'ya'yansa a motar gida ya kai su Abuja, ko ya sa su a jirgi zuwa Dubai, sai a ce ya kai iyali hutu, har a sa masa albarka. Ɗan talaka ya tara kuɗin yawon Sallarsa ya biya wa kansa mota, sai a ce ya lalace. Ashe sunan abin yana canjawa ne bisa ga irin motar da aka shiga?

Ta biyu ita ce tsoron hanya. Wannan ma ba wasa ba ne, domin mutanen wasu ƙauyukan yankinmu sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. Sai dai kullum motocin nan cike suke da 'yan kasuwa da masu zuwa biki da masu zuwa gaisuwar mutuwa, ba wanda ya ce su zauna gida. A fita da hantsi, a dawo da sauran rana, a bi babbar hanya, a tafi cikin jama'a: dabarar da ke tsare ɗan kasuwa ita ce za ta tsare mai zuwa kallo.

Ta uku ita ce wadda ta fi ba ni haushi, wai yawon buɗe ido al'adar Turawa ce da mu 'yan boko muka kwaso, balle a ce da 'ya mace a ciki. Haba! Wa ya koya wa Bahaushe yawon Sallah? Wane Bature ne ya tara jama'a kallon su a Argungu, bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934? Tun kafin mota ta shigo ƙasar nan matan ƙauye, wato 'Yan Taru, suke tafiya ƙungiya-ƙungiya da ƙafa, jaji na gabansu, zuwa wurin Nana Asma'u. Su da suka taka da ƙafa ba a ce sun yi gantali ba, sai ƙanwata da ta zauna a mota kusa da wanta? Kuma mu ɗaliban Hausa mun san ba a banza Abubakar Imam ya raɗa wa littafin tafiyarsa Ingila ta 1943 suna Tafiya Mabuɗin Ilmi ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mu ɗalibai muna da ƙungiyoyin 'yan ƙaramar hukuma, muna karɓar kuɗin shekara, muna zuwa wurin manya neman gudummawa. Ina kuɗin ke tafiya? Wajen buga kalanda mai hotunanmu, da ɗinka anko, da walimar da za a miƙa wa mai kuɗi lambar yabo. Abin da ake kashewa a daren walima ɗaya ya isa a ɗauki shatar bas a kwaso yaran firamare daga Kuci ko Dogon Daji, da malaminsu, a zaga da su birni, a saya musu abinci, a mayar da su gida. Daɗin daɗawa, da yawa daga cikinmu sun shekara uku a Sakkwato ba su san hanyar Gidan Tarihi ba, iyakarsu wurin shan sanyi da ɗaukar hoto, kuma in an ce a shiga bas sai su yatsina fuska, sai ka ce ba a bayan akori-kura aka kawo su makaranta ba.

Hukuma ma tana da nata kason. Legas ta fara manyan bas-bas masu hanyarsu ta daban tun 2008. Mu ba mu ce a yi mana irin wannan ba. A ware motoci kaɗan a ranakun Sallah da hutun makaranta, masu tashi daga babbar tasha su bi ta Hubbare, da fada, da Gidan Tarihi, da babbar kasuwa, a kan kuɗi sananne, don kada baƙo ya sauka ya faɗa hannun ɗan kabu-kabun da zai ji harshensa na ƙauye ya ninka masa farashi. A kuma tanadi inuwa da ruwan sha da makewayi a wuraren, domin wanda ya san ranar Sakkwato ya san ba a tsayuwa cikinta da yara.

Yaron da bai taɓa ganin birni ba sai a gadon asibiti, in ya girma zai ɗauka birni na wasu ne, shi nasa ya kawo ƙuri'a da albasa ya koma. Wanda kuwa aka kama hannunsa aka nuna masa, zai san yana da gado a ciki, wata rana har ya tambayi yadda ake riƙon gadon. Saboda haka, Baba, in wannan mujalla ta iso gare ka wani jikanka ya karanta maka, ka gafarce ni, amma babbar Sallah in Allah ya kai mu za mu sake komawa. In ka yarda ka ba ni jikan naka, kuɗin motarsa a wuyana.