Tiren Tarbar Baƙi: A Tuna da Mai Larura

Mai karatu, idan za ka shirya wa baƙi tiren cuku da kayan ƙwalama, muna ganin ya kamata ka fara tuna baƙon da ba zai gaya maka ciwonsa ba. Mai hawan jini ko ciwon sukari, kara ba za ta bar shi ya ture abin da ka ajiye masa ba.

Cuku abinci ne mai gina jiki da ƙarfafa ƙashi, amma mafi yawan na kanti gishiri da kitse sun yi masa yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. To, ina ga an haɗa cuku da kilishi da gyaɗa mai gishiri a zama guda? Yanka kamar kwalin ashana, kimanin giram 30, ya ishi mutum ɗaya. Sauran tiren ka cika shi da kokwamba, karas, gwaiba da gyaɗar da ba a sa wa gishiri ba. Dabino kuwa kaɗan, zaƙinsa sukari ne.

Mai juna biyu ta fi kowa shiga haɗari. Cuku mai laushi na madarar da ba a tafasa ba yana iya ɗaukar ƙwayar cutar listeriya, wadda kan jawo ɓari. A dafa shi ko a soya har zafi ya ratsa cikinsa kafin a ba ta.

Kada tiren ya wuce awa 2 a waje; da bazara, awa 1 sai a mayar firiji.