Ranar Da Autata Ta Yi Nutso A Teku

Wata 'yar makaranta ta aiko mini da takarda daga Tsafe, ta ce ta ga hoto a wayar yayanta, mutane na yawo a ƙarƙashin teku goye da tukunyar ƙarfe, kifaye na kewaya su. Tana tambaya wai gaskiya ne ko siddabaru, in kuwa gaskiya ne, ko mace na iyawa. To 'yata, kin yi sa'a, gama abin nan na gan shi da idona, kuma wadda na ga ta yi shi autata ce.

Mijinta yana aiki a ƙasar Tanzaniya, suka aiko mini na je ganin jikoki. Da na huta sai suka ce za mu ƙetara Zanzibar. Uwargida ta san wannan tsibiri ko ba ta san sunansa ba, don shi da maƙwabcinsa Pemba sun shahara da noman kanumfarin nan da muke dakawa a fura da kunu. Yawancin mutanensa Musulmi ne, matansu da lulluɓi kamar namu. A 1964 ya haɗu da Tanganyika suka zama ƙasa ɗaya. Har ma wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wani daga gaɓar nan Jamusawa suka riƙa jido shi a jirage suna kaiwa Ikko.

Muka sauka a wani gari na ƙuryar arewa, sunansa Nungwi. Da hantsi muka shiga jirgin katako mai inji, mu goma sha wani abu, muka nufi wani ɗan tsibiri ana ce da shi Mnemba. Ba a yarda baƙi su taka ƙasarsa ba, sai dai jirage su tsaya a gefe, don abin kallon duk a cikin ruwa yake. Tun kafin a tashi aka ba kowa rigar ceto, mai jirgi ya ƙirga mu sau biyu ya rubuta. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Ni dai ba mu yi nisa ba cikina ya fara juyawa, jiri ya ɗebe ni. Wata mata ta miƙo mini ɗanyar citta, ta yi mini nuni in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Ya kuwa yi magani.

Da aka tsaya sai masu nutso suka shiga shiri. Auta ta sa rigar roba wadda ta rufe ta daga wuya har idon sawu, da ɗankwali mai kama kai, ta ɗaura ɗamara mai nauyin darma, ta sa tabarau mai rufe ido da hanci, da takalmi mai faɗi sai ka ce ƙafar agwagwa. Sa'an nan aka goya mata tukunyar, mai mesa wadda ake cizon bakinta ana shan iska. Mutane na zaton wata iska ce ta asibiti, alhali iskar nan ce da ni da ke muke shaƙa, an dai matse ta da inji, kamar ninki 200. Akwai agogo a jiki mai nuna abin da ya rage. Waɗansu Faransawa biyu, Jak Kusto da Emil Ganyan, su suka ƙago na'urar a 1943. Ga amsar tambayarki ta biyu tun daga tushe: matar Kusto, Simon, tana cikin na farkon da suka gwada ta.

Na ce, "Auta, ke kuwa ba kya bari ba? Ruwa ba sa'an kwando ba ne." Ta yi dariya ta ce, "Inna, kwana huɗu na yi ina koyo, ga takardata. Ki dai yi mini addu'a." Ta zauna a bakin jirgi, ta dafe tabarau, ta faɗa ta baya. Tsulum! Ta ɗago, ta haɗa babban yatsa da manuni, watau lafiya lau, ta nutse.

Kai, 'yan'uwa, minti 40 ɗin nan ban taɓa ganin mai tsawonsu ba. Ba abin da nake gani sai kumfa na tasowa yana fashewa. In ya ɓace mini sai gabana ya faɗi, in ya ɓullo sai in ci gaba da jan carbi. Malaminsu ɗaya da ya rage a jirgi ya ga halin da nake ciki, ya zo ya zauna, surukina na yi mana tafinta. Abin da ya koya mini shi zan ba ku, don na ga 'yan makaranta za su ƙaru da shi.

Ya ce ruwa yana da nauyi. In mutum ya nutsa ƙafa 33, abin da ke danne jikinsa ya ninka na bisa tudu sau biyu. Shi ya sa kunne ke ciwo, sai an toshe hanci an hura a hankali ya buɗe. Iskar da mutum ya shaƙa a can ƙasa matsattsiya ce. In ya riƙe ta a ƙirji ya taso, sai ta kumbura ninki biyu kamar balan-balan, ta yaga huhu. Saboda haka dokar farko ita ce, mai tukunya ba ya riƙe numfashi ko kaɗan. Ta biyu, ba a tasowa da gaggawa. Wani sashe na iskar yana narkewa cikin jini, in aka yi hanzari sai ya yi kumfa, kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an girgiza an buɗe. Wannan kumfa na iya kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. Don haka sukan dakata minti 3 in ya rage kamar ƙafa 15 su fito, kuma wanda ya yi nutso yau ba ya hawa jirgin sama sai ya kwana. Ta uku, ba mai shiga shi kaɗai, biyu biyu ake tafiya, kowa na duba ɗan'uwansa. Mai takardar farko irin ta Auta ba ya wuce ƙafa 60. Mai juna biyu ba ta yi, mai ciwon zuciya ko asma sai likita ya duba shi.

Da ya ga hankalina ya kwanta sai ya ba ni tabarau ya ce in leƙa. Na riƙe tsani gam, rigar ceto a jikina, na tsoma fuska. Subhanallahi! Ashe gari guda ne a ƙasa. Ga waɗansu abubuwa kamar duwatsu, wani mai rassa kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, kifaye shuɗi da rawaya da masu zane suna shige da fice. Aka ce mini ba dutse ba ne, dangin murjani ne, ƙananan halittu masu rai ke gina shi shekara da shekaru, shi ya sa an hana taɓawa balle ɓantara. Ni da na yi shekara 40 da murjani a wuya, ban taɓa sanin daga mai rai ya fito ba. Can ƙasa na hango Auta da abokiyar tafiyarta, wani kunkurun teku na wuce su ko a jikinsa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a gaɓa na gan shi. Ashe matan tsibirin nan, da teku a ƙofar gidansu, galibinsu sun tashi ba su iya iyo ba, don an ɗauka ba aikin mace ba ne. A watan Satumba na 2011 wani jirgin fasinja da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse tsakanin nan da Pemba, ɗaruruwa suka halaka, da mata da yara masu yawa. A Nungwi wata ƙungiya mai suna Panje ta ɗauki aikin koya wa 'yan mata iyo, cikin sutura mai rufe jiki duka, har waɗansu da suka koya suka zama malamai. Da jarkar roba babu kome a ciki ake fara koya musu yadda za su kwanta a bisa ruwa. Jarka dai irin tamu ta manja.

Sai na tuna gida. A watan Satumba na 2024 kwalekwale ɗauke da manoma kamar 70 ya kife kusa da Gummi, a kan hanyarsu ta zuwa gona, aka yi asarar rayuka masu yawa. Mu ba mu da teku, amma muna da gulbin da ya ratsa Gusau da Bunguɗu, muna da madatsar Bakolori, kuma kowace damina kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa sukan cika a bayan gari. Wace unguwa ce a Tsafe ba ta san kukan uwar da aka tsamo wa ɗa ba? Ba kuwa gwanaye muka rasa ba, wanda ya ga Sarkawa a Matan Fada ta Argungu ya san Bahaushe ya iya ruwa. 'Ya'ya mata ne aka bari a baya, su ne kuwa masu wanki a bakin gulbi, su ne masu goyon ƙanne.

Ni ina ganin ya kamata makarantun 'yan mata su nemi mace wadda ta iya, a keɓe wuri marar zurfi, a koyar. Iyaye maza da za su ce babu sutura, na ga suturar da idona, ta fi zanen da ruwa ke kwancewa. Kafin a kai ga haka, uwargida, ki sani yaro mai nutsewa ba ya ihu, shiru yake tafiya, kuma mai rarrafe ko a bahon wanki yana iya halaka. Ki rufe rijiya da randa, ki zubar da ruwan baho da an gama. In kin ga wani ya faɗa, ke kuwa ba ki iya ruwa ba, kada ki bi shi, ki miƙa masa gora ko dogon icce kina kwance a gaɓa, ko ki jefa masa jarka rufaffiya da igiya, kina kururuwa. In za ki ƙetare gulbi kika ga jirgi ya cika har ruwa na lasar bakinsa, ki jira na biyu, ko da za a ce kin cika tsoro.

Ke kuma 'yata ta Tsafe, ba a karɓar mai koyon nutso sai ya iya iyo, saboda haka daga nan za ki fara. Ki nuna wa babanki wannan shafi, ki rubuto mini abin da ya ce.