Ginshiƙin Katako: A Duba Kafin A Ɗora Rufi

Jama'a, mai gini yakan tambayi sunan itace kurum: loko ne, ko maɗaci, ko kawo? Alhali kuwa suna ba ya ɗaukar rufi. Katako sai ya bushe sarai ƙarfinsa ke cika. Ɗanye yakan gaza, komai kyawun asalinsa. Tsawo ma abin lura ne, gama siririn ginshiƙi in aka ninka tsawonsa biyu, nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan a ɗora gindinsa bisa dutse ko siminti, saboda laima da gara. Tun 1973 Nijeriya ta tsara ƙa'idar gini da katako. Ya kamata magina su bi ta, domin rayukan iyali ke ƙarƙashin rufin nan.