Raddi Ga Masu Cewa Musulmi Ba Ya Buƙatar Rubuta Wasiyya

Wata magana tana yawo a majalisun unguwar Fadaman Mada, wai Musulmi ba sai ya rubuta komai game da dukiyarsa ba, tunda Allah da kansa ya raba gado. Na duba hujjojin masu wannan ra'ayi, babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Da farko suna cewa ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun gama magana. Haƙiƙa sun yanke wa kowa rabonsa, ba mai ikon taɓawa. Amma a aya ta 11 da ta 12, har sau huɗu aka maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. To, ta yaya magada za su biya bashin da ba su san da shi ba? Ɗan kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da ya karɓi kaya da baki, ko aka ba shi ajiya, in ya rasu bai rubuta ba, sai a raba haƙƙin wani a ci, shi kuwa yana kwance da nauyin. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Sai su ce wasiyya al'adar Turawa ce. Wannan ƙarancin karatu ne. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, ya nuna bai kamata mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Tamu tana da iyaka: ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji. Wa ke amfana? Jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa. Baffanninsa sun tare masa hanya, ba ya gadon ko sisi. Masar ta yi dokar da ta tilasta a ba irinsa rabo tun 1946. A Malikiyyarmu ba a tilasta ba, in kakan bai yi wasiyya ba, marayan sai kallo. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Masu cewa rubutawa kiran mutuwa ne kuwa, su sani ajali ba ya jiran alƙalami.

Ta ƙarshe, wai iyali sun san komai. Mutum ya ce wa matarsa ya ba ta gida, bai damƙa mata ba har ya rasu. A fiƙihun Malikiyya kyautar ta ɓaci, gidan ya koma gado, don ba a yi hauzi ba, wato ba ta karɓi gidan a hannunta ba. Wanda aka sa sunansa a fom ɗin banki ko na fansho kuwa, ba shi ya mallaki kuɗin ba, na magada ne duka. Asusun da ba wanda ya san da shi, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2024 ta ce in ya shekara goma ba motsi, a mayar da kuɗin hannun Babban Bankin har masu shi su nema.

Ɗan'uwa, rubuta wanda ke bin ka da wanda kake bi, ka tara takardun fili da na gida wuri guda, ka sa adilai biyu su shaida, sannan ka kai wa malamin da ya san gado ya duba maka.