Ƙarar salansa ba ta hawa tudun Mokola

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo cikin matasanmu ’yan acaɓa, kuma lokaci ya yi da za a faɗa musu gaskiya ko da za su ji haushi. Yaro zai karɓi sabon Boxer, wani lokaci ma na biyan kaɗan-kaɗan ne bai gama biya ba, kafin sati biyu ya kai shi wurin mai walda a farke salansa, a zare abin da ke cikinta, ko a cire ta gaba ɗaya a ɗaura wata ƙatuwar mai faɗin baki. Idan ka tambaye shi dalili sai ya ce wai yana so injin ya sha iska, ya ƙara ƙarfi. Ɗan'uwa, ƙara ka saya, kuma da ƙarfin injinka ka biya.

Mu fara da aikin da kake yi da babur ɗin. Kai ba ɗan tsere ba ne. Wuninka duka tsayawa ne da tashi: ka ɗauki fasinja a Sabo, ka tsaya a mahaɗa, ka kutsa tsakanin motoci, ka hau tudu da mace da buhun garinta a baya. Wanda ya san Ibadan ya san babu inda za ka bi ba ka haɗu da hawa ba, daga Mokola har Oke Are, haka ma wanda ke aiki a Abeokuta ko Enugu. Abin da kake buƙata shi ne jan da injin ke yi tun yana juyawa a hankali, a giya ɗaya da giya biyu, lokacin da ka saki kuloci da kaya a kai. Gudun ƙarshe kuwa sau nawa kake kai wa gare shi a rana? Kuma a wane titi?

To wannan jan na ƙasa shi ne abu na farko da faffaɗar salansa ke kashewa, ga kuma yadda abin yake. Hayaƙi ba a jere yake fita kamar ruwan famfo ba, bugu-bugu yake fita, duk lokacin da bawul ɗin hayaƙi ya buɗe. Idan bugun ya bi siririn bututu yana tafiya da sauri, sai ya bar wani irin zuƙo a bayansa. Akwai ɗan taƙaitaccen lokaci da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, kuma a wannan lokacin zuƙon yake janye ragowar hayaƙi daga cikin silinda, ya jawo sabon mai da iska. Silinda ta cika da kyau, fistin ya samu bugu mai nauyi. Injin mai cc 100 da ke juyawa a hankali hayaƙinsa kaɗan ne. Ka sa masa bututu mai faɗi, hayaƙin ya bazu, ya yi sanyi, ya rage gudu, zuƙon ya tafi, har wani ɓangaren ƙonannen hayaƙi ya zauna a silinda ya cinye wurin sabon mai. Tsawon bututun ma da lissafi aka yi shi: dogo yana taimakon injin a ƙasa, gajere sai injin ya kai ƙololuwar juyawa yake amfani. Shi ya sa baburan tsere suke da irin waccan salansar, domin su a can sama suke rayuwa.

Na san abin da wasu bakanikai ke cewa, wai injin yana son a ɗan toshe shi. Wannan ma kuskure ne, kada a ɗauka shi nake karewa. Toshewa ba ta amfanar kowane injin. Salansar da tsatsa ta cinye ta ciki, ko baƙin hayaƙi ya cushe ta, tana shaƙe babur, kuma maganinta a wanke ko a sauya. Abin da ake nema shi ne hayaƙi ya fita da sauri ba tare da cikas ba, kuma kamfanin da ya ƙera injin ya riga ya auna faɗi da tsawon da suka dace da shi. Mai waldar bakin titi bai auna komai ba, kallon ido ne da guntun bututu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɓarnar ba ta tsaya a nan ba. Yawancin baburan da muke aiki da su kafireta gare su, ba kwamfutar da za ta gyara ma'aunin mai da kanta. An saita jet ɗinsu ne a kan salansar asali. Da ka buɗe ta, sau da yawa iska takan yi wa mai yawa, injin ya riƙa ɗaukar zafi fiye da kima, shi kuwa iska ce kawai ke sanyaya shi, ga cunkoso ga rana. Ka kwance fulogi ka duba: idan bakinsa ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa-ƙasa, to injinka na ƙuna. Wancan tas-tas ɗin da yake yi idan ka saki totur, wanda yara ke murna da shi, sau da yawa alamar hakan ce, ko kuma iska na shiga ta gasket ɗin bakin bututu. Ƙarshensa bawul ya ƙone, a sauke kan injin. Idan kuma bakanike ya sa babban jet don ya rufe matsalar, to tanki ne zai biya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ke da litar da zai ƙona don burgewa? Kuma tunda babur ya rasa jan ƙasa, dole ka ƙara murɗa totur kana riƙe kuloci rabi-rabi kafin ya tashi, farantan kuloci su cinye kafin lokacinsu. Mai tsohon Jincheng irin na da, mai shan baƙin mai haɗe da fetur, nasa ya fi muni, domin a irin wannan injin siffar salansar kanta wani ɓangare ce ta aikinsa.

Sai hujjar da aka fi so: wai ƙara tana sa direbobi su san kana zuwa. Bakin salansa baya yake kallo. Wanda ka riga ka wuce shi ke shan ƙarar, da fasinjanka, da kunnenka da ke cikinta awa goma a rana. Kana da ham, kana da fitila.

Akwai kuma abin da ya fi injin. Mun ga yadda gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya ta ƙara wasu huɗu. Ba salansa ce ta jawo hakan ba, amma duk inda ake neman dalilin korar ’yan acaɓa, ƙorafin mazauna unguwa yana da nauyi. Yaro ɗaya da ya tayar da layi da ƙarfe biyar na asuba, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawan nan. Shugabannin tashoshinmu suna iya hana mutum layi saboda bai biya kuɗin tikiti ba, to me ya hana su yin haka kan farkakkiyar salansa?

Wanda da gaske jan ƙasa yake nema, hanyar a buɗe take kuma ta fi araha. Ka bar salansar asali. Idan ta lalace, ka ɗauki tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, ka gwada faɗin bututu da tsawonsa da sabuwar, ka ɗaga ka ji nauyi, domin ta jabu shafal take kuma cikinta kusan fanko ne. Ka sa sabon gasket a bakin injin. Ka wanke matatar iska, ka sa a saita bawul. Idan unguwarka tudu ce kuma kaya kake ɗauka, ka sa a ƙara haƙori biyu ko uku a farantin kaca na baya. Za ka ɗan rasa gudun ƙarshe, amma babur zai tashi da mutum biyu a kan hawa ba tare da ka sa ƙafa a ƙasa kana tura shi ba.